Shekarar da Aka Cire wa Babanku Ido

Dukkanku kun tashi kun ga babanku da ido ɗaya mai gani, ɗayan kuma na roba, kuma na san kowannenku ya taɓa jin wata magana a kai a cikin dangi. Hadiza ce kaɗai ta taɓa tarata da zancen, tana 'yar budurwa, ranar da ta dawo daga wani biki ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta ƙi cire mayafi. Ta ce wata ta gaya mata a gaban mutane wai uwarta ce ta kai ubanta aka ƙwaƙule masa ido. A ranar ban ba ta amsa ba, domin waɗanda maganar ta shafa suna raye, kuma ina jin nauyinsu. Yanzu Inna kakarku ta rasu, Baffanku Tijjani ya rasu, shi ma Malam babanku ya bi su, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Cikin waɗanda suka tsaya a gaban likitan nan ni kaɗai na rage, don haka bari in gaya muku yadda aka yi.

A lokacin muna tsohon gidan Jakara, mu da Inna da iyalin Baffanku, tukunya ɗaya. Malam maƙeri ne kamar mahaifinsa. Rumfarsa tana ƙarshen lungu, yana sayen tsohon sifirin mota yana ƙera lauje da fartanya da wuƙaƙen mahauta. Daga tsakar gida nakan ji gudumarsa, har na san bugunsa daban da na kowa. Ƙuna da tartsatsi ba baƙon abu ba ne a wurinsa, hannayensa duk tabo ne. Ina goyon Nasiru a shekarar, ƙarshen damina, mutanen ƙauye suna ta zuwa neman lauje. Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai na ji guduma ta tsaya, kuma ba lokacin tsayawarta ba ne. Jim kaɗan ya yi sallama ya shigo, ya dafe idon hagu da tafin hannu.

"Ɗan ɓarɓashi ne ya faɗa min," in ji shi. "Inna, zo ki hure min."

Inna ta buɗe idon da yatsunta ta hura. Baffanku ya kawo mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika ya yi ta kewaya idon da shi, kamar yadda maƙera suka saba, ba abin da ya fito. Babu jini, babu wani rauni da ido zai gani, sai hawaye da ɗan ja. Aka ce ai ya riga ya fita. Ya wanke fuska, ya sha fura, ya koma rumfa ya ƙarasa aikin ranar. Abin da ya yaudare mu ke nan gaba ɗaya. Da jini muka gani, da tun a ranar an nemi mota.

Washegari idon ya yi jawur, ba ya son haske ko kaɗan. Ya shige ɗaki ya saki labule. Inna ta ce a ɗiga masa nono, da yake ni ce mai goyo a gidan, ni nake tatsa a cokali in ɗiga masa. Aka sa zuma. Baffanku ya sayo wani maganin ɗigawa a kemis. Aka ɗauko wata tsohuwa daga Ƙofar Dawanau wadda ta yi suna wajen lasar ido da harshe ta fito da tsakuwa, ta lasa, ta tofar a hannu ta ce ga shi nan, muka duba ba mu ga komai ba sai yawu. Kowa da niyyar alheri yake yi, wannan ina so ku riƙe shi.

Wajen ɗiga nonon ne na ga abin da ya hana ni sukuni. Na ɗaga labule don in ga inda zan ɗiga, sai na lura baƙin tsakiyar idon nan ba a zagaye yake ba kamar na dama. Ya ja gefe guda ya yi tsini, kamar ƙwayar kankana. Na ce masa ya rufe idon dama ya dube ni.

"Me kake gani, Malam?"

"Kamar hayaƙi ya cika ɗakin. Ina ganin motsinki dai."

Da na sake gwada shi bayan kwana biyu, motsin ma sai da ya yi ta lalube. Na samu Inna tana tsince wake, na durƙusa na ce ko za a kai shi asibitin ido. Ba ta ɗago ba. Ta ce da ƙafarsa mahaifinsu ya tafi asibiti, a makara aka dawo mata da shi, kuma ba za ta sake miƙa wani nata ba. Ta ce ciwon ido haƙuri yake so. Na tashi na koma ɗaki, kullum ina kallon idon yana canjawa, ina ƙirga abin da zai same mu idan ya makance, ina tsoron in yi shiru, ina kuma tsoron in yi magana. Abinci ya daina shiga cikina har nonon ya fara ja baya.

Ranar da fatar idon ta kumbura ta rufe, kwantsa mai ruwan ɗorawa tana fita, yana riƙe kai yana cewa kamar ana buga masa ƙusa, a ranar Inna ta tafi Madabo gaisuwar mutuwa, Baffanku yana kasuwa. Na goya Nasiru na tsaya a kansa.

"Malam, izini nake nema. Ka tashi mu tafi asibiti."

"Inna fa?"

"In ta dawo ta yi min faɗa. Ni dai ka tashi."

Ya ce in miƙo masa hularsa. Muka fito, ina gaba yana biye da ni da tawul a fuska, muka ratsa lungu har bakin titi, mutane suna zaune a dakali suna kallonmu. Kafin mu sami tasi na san labari ya riga ya kama hanyar Madabo.

A asibitin idon, wata nas ta duba shi tun a layi ta fitar da shi gaba. Ta ɗora masa wani ɗan murfi na roba a kan idon ta manne da filasta, ta ce kada ya murza, kada ya danna, kada a ƙara ɗiga komai, kuma kada ya ci abinci sai likita ya gan shi. Likitan ba babba ba ne sosai, mai magana a hankali. Ya tambayi me ake bugawa lokacin da abin ya faru, ƙarfe a kan ƙarfe ne ko kuwa. Ya tambayi me aka sa a idon, na lissafa masa duka, har da harshen tsohuwa. Bai yi faɗa ba, ya rubuta kawai. Ya sa Malam ya ɗora haɓa a kan wata na'ura mai fitila, ya buɗe fatar idon a hankali ya daɗe yana leƙawa. Daga nan ya tura mu aka ɗauki hoton kansa. Da hoton ya fito ya ɗaga shi a haske ya nuna min wani ɗan farin ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce ƙarfen ke nan. Bai taɓa fita ba. Da gudu ya huda ƙwayar idon ya shige can ciki, ƙofar da ya bi ta rufe kanta, shi ya sa ba mu ga jini ba. Ƙwayoyin cuta sun bi shi, idon ya yi ruwa daga ciki.

Sai ya yi wani gwaji da har gobe ba na son tunawa. Ya toshe idon dama da auduga, ya dafe da hannunsa, ya ɗauki tocila mai ƙarfi ya haska cikin na hagun.

"Malam Isyaku, gaya min ta ina hasken yake zuwa."

Malam ya yi ta jira. Can ya ce, "To ka kunna mana, likita."

Tocilar a kunne take, har tana kashe min ido daga inda nake tsaye. Likitan ya dube ni, ni ma na dube shi. Na zauna a ƙasa da goyo a bayana.

Aka ba shi gado, aka sa masa ruwa da allurai. Likitan ya ce ganin idon da wuya ya dawo, amma zai gwada magani ko a ceci ƙwayar ta zauna a wurinta. Da yamma Baffanku ya zo da Inna. Baffanku bai amsa gaisuwata ba, ya ce a bakin mutanen unguwa ya ji an fita da ƙaninsa kamar ba shi da kowa. Inna ta zauna a gefen gadon tana shafa ƙafar ɗanta, ba ta dubi inda nake ba. Kwanakin da suka biyo baya, kullum da safe nakan tsaya in ga fuskar likitan idan ya ɗaga bandejin, domin fuskarsa ta fi bakinsa saurin faɗa min gaskiya. Kumburin bai sauka ba. Ya gangaro kunci, ya hau goshi, idon ya turo waje. Zazzaɓi ya rufe shi, wani lokaci ya kira sunan mahaifinsa, wani lokaci ya ce a ƙara gawayi a wuta.

Wata safiya likitan ya tara mu a bakin gadon, ni da Inna da Baffanku. Ya ce magani bai ci ƙarfin ciwon ba. Idon ya riga ya mutu, ya zama jakar mugunya, kuma bayan kwarmin ido babu nisa da ƙwaƙwalwa. Idan cutar ta ƙetara can, ba maganar ido za a yi ba kuma, maganar rai ce. Ya ƙara da cewa idon da aka huda, idan aka bar shi, wani lokaci yakan tayar wa lafiyayyen da ciwo, ba kullum ba, amma yana faruwa. Shawararsa a cire shi, kuma kada a jinkirta.

Baffanku ya ce a sallame shi kawai, akwai mai magani a ƙauyen su Inna wanda ya warkar da waɗanda suka fi haka. Inna ta ce, "Da ido biyu na haife shi. Da ido biyu zai koma wa Ubangijinsa."

Likitan ya ce ya ji, amma mai idon yana cikin hankalinsa yanzu, shi zai yanke. Ya sunkuya ya sake yi wa Malam bayani tun daga farko. Malam ya saurara, leɓunansa duk sun bushe. Bai iya kiran sunana a gaban mahaifiyarsa, sai ya ce, "Ina take?"

Na ce ga ni.

"Ke kika ga hoton. Ke kika ga fitilar. Me kika gani?"

Ba a taɓa ɗora min kaya mai nauyin wannan tambaya ba. Ina jin idon Inna a kaina. Na san duk abin da ya fito daga bakina zai bi ni har kabari. Idan na ce a koma gida ya mutu, na kashe shi. Idan na ce a cire, ɗayan kuma ya zo ya tafi, na makantar da shi. Na juya wajen likitan.

"Likita, in an bar shi, zai ƙara gani da shi?"

"A'a."

"In an cire, ɗayan zai tsira?"

"Ina sa rai ƙwarai. Amma ba zan yi miki rantsuwa ba."

Na ce, "Malam, a cire."

Ya ce to. Shi da kansa ya miƙa babban yatsa ya dangwala, ba wanda ya riƙe masa hannu. Wannan shi ne abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Inna ta tashi ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita, Baffanku ya bi ta.

Ni kaɗai na zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata da Nasiru a cinya, yana jan nono yana kuka don ba ya samun komai. Duk wanda ya turo ƙofa sai in miƙe tsaye. Na karanta abin da na sani har ya ƙare na koma farko. Bayan azahar aka turo shi, rabin fuskarsa a naɗe. Likitan ya ce an gama lafiya. Zazzaɓin ya fara sauka a hankali, kumburin ya saɓe, ranar da ya ce yana sha'awar koko da ƙosai na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban samu na yi ba tun farko.

Amma hankalina bai kwanta ba, sai ma ya koma kan idon dama. Da za a sallame mu likitan ya ce duk ranar da ya yi ja, ko ya fara gudun haske, ko gani ya dushe, kada mu jira gobe, mu zo a ranar. Na zama mai gadin ido. Kowace safiya idan na kai masa ruwan wanka sai na san dabarar da na yi ya dubi wajen taga. Idan ya murza ido sai in matso in leƙa. Har ya fara jin haushi, ya ce in daina kallonsa kamar mai jiran gawa. Wata rana da sanyin safiya ya tashi idon ya yi ja yana hawaye. Ban ko ɗaura ɗankwali daidai ba muka kama hanya, a mota ina ta ƙirga fuskokinku, ina cewa shi ke nan, maganar Inna ta tabbata. Likitan ya duba ya duba, sannan ya yi murmushi ya ce apolo ce da take yawo a gari, ya ba mu magani. Ya ce gara mu zo sau goma a banza da mu ƙi zuwa sau ɗaya. Bayan ramin ya warke aka auna masa na roba, aka koya masa cirewa da wankewa.

A gida kuwa, Inna ta raba tukunya. Idan na aika mata da abinci, kwanon yakan dawo a rufe yadda ya tafi. Ta daina kiran sunana, sai dai "matar nan". Baffanku ya hana iyalinsa shiga ɗakina. A wurin suna da biki, ina shiga zance yake mutuwa. Malam ya faɗa musu ba sau ɗaya ba cewa shi ya yarda, suka ce zazzaɓi ne ya yi magana, ba shi ba. Mahaifiyata ta aiko daga Madabo ta ce in zo gida in huta, na ƙi, don na san idan na fita za a ce laifi ne ya kore ni.

Abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Malam ya koma rumfa da tabarau na kariya kamar yadda aka umarce shi, amma mai ido ɗaya ba ya gane nisa daidai. Sai ya kai guduma ta sauka gefe. Ya fasa babban yatsa, ya lalata laujen mutane. Ko shayi zai zuba, sai ya zuba a gefen kofi. Daga tsakar gida nakan ji bugun, ya yi biyu ya tsaya, ya yi uku ya tsaya, ba irin wanda na sani ba. Kafin wata daminar ya rufe rumfar da ya gada, ya koma kasuwar Kurmi yana sayar da abin da wasu suka ƙera. Ya yi watanni ba ya hira. Ina kwana ina tashi da tunanin ko yana riƙe da ni a zuciya. Da na kasa daurewa na tambaye shi, sai ya ce ba ni yake wa baƙin ciki ba, hannunsa yake wa, da ya san aiki amma aka raba shi da jagora. Ya ce ya tambaye ni a ranar ne don ya san Yaya zai faɗi abin da Inna take so, Inna kuma za ta faɗi abin da tsoro ya sa ta, ni kaɗai ce zan faɗi abin da na gani. Da idon daman nan ya ga aurenku duka, ya yi karatunsa da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ni da Inna muka yi shekaru a haka, gaisuwa ta safe kawai, ita ma a taƙaice. Sai tsufa ya kawo mata yanar ido. Ta fara laluben bango, ta daina gane jikokinta sai da murya. Baffanku ya samo wani mutum mai yawo gari-gari yana ture yanar ido da allura, aka sa rana, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ina ɗakina ina jin shigowarsa, amma na riga na ɗaure bakina, na ce ba zan ƙara sa baki a idon kowa ba a gidan nan. Sai na ji muryar Inna daga ɗakinta, a fili, yadda kowa zai ji.

"Ku sallami mutumin nan. A kira min Rabi."

Na je na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce in ɗauko mata mayafinta, in nemo mota. Ba ta ce komai game da abin da ya wuce ba, a ranar ko bayanta, ni ma ban tayar ba. A cikin tasin ta damƙe wuyan hannuna, ba ta sake shi ba tun daga Jakara har muka fita daga ganuwa. Da motar ta tsaya a ƙofar asibitin ta ƙi sauka, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"In likitan ya tambaye ni wani abu, ke za ki amsa."

Na ce to, Inna. Na zagaya na buɗe mata ƙofa, na kama ta muka shiga.